Murhun Garin Katako: Yadda Ake Daidaita Makamashi Da Iska

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin gas da kalanzir suka yi sama, gidaje da dama suka koma ga murhun garin katako, wanda ake kira murhun Abacha saboda ya yaɗu lokacin ƙarancin kalanzir a mulkin Janar Sani Abacha, 1993 zuwa 1998. Ni a Jos na san wannan murhu, inda ake samo garin a Kasuwar Katako. 'Yan'uwa da ke Legas, Ibadan da Benin ma ba za su rasa shi ba, don wuraren yankan katako sun yi yawa a Kudu. Abin da nake so a riƙe shi ne: kyan wutar murhun nan yana ga daidaita garin da iskar da ke shiga.

Yadda ake ɗura shi

Murhun gwangwani ne mai ƙofa a gindi. Za ka tsayar da muciya ko bututu a tsakiya, ka zura wani ta ƙofar ƙasa har su haɗu, sai ka zuba garin kana dannawa. Idan ya cika ka zare su a hankali. Ramin da suka bari shi ne hanyar iska: tana shiga ta ƙasa, wuta ta fito ta sama.

Ɓangaren makamashi

Abu uku ne. Na farko dannawa: garin da bai dannu ba zai rufta ya toshe ramin, wuta ta mutu ana tsakar girki. Na biyu bushewa: jiƙaƙƙen gari hayaƙi kawai yake yi, shi ya sa mutanen Kudu, inda damina ke da tsawo, sai sun shanya shi tukuna. Na uku ɗan itacen da ake zurawa ta ƙofa. In ana son wuta ta ƙaru a tura shi ciki, in ana son ta lafa a janyo shi. Sanda ɗaya siririya ta isa. In ka cusa uku ka toshe wa iska hanya.

Ɓangaren iska

Faɗin ramin ne ke yanke ƙarfin wuta. Rami mai faɗi yana ba da wuta mai ƙarfi amma garin zai ƙare da wuri, siriri kuma yana daɗewa, ya dace da dahuwar wake ko ganda. A bar tazarar kamar yatsa biyu tsakanin tukunya da bakin murhu. In tuwo ya kai a rage wuta, a kare rabin ƙofar da guntun kwano, kada a rufe ruf.

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskarta ba ta kai ta bakin teku nauyi ba, kuma ruwa yana tafasa a wajen digiri 96 maimakon 100. Don haka a can murhu ya fi son buɗaɗɗiyar ƙofa, girki kuma ya fi jan lokaci. Wanda ya saba da Jos ya koma Legas zai ga ya ɗan rage ƙofar, amma ya ƙara kula da bushewar gari.

Karanta wutar

Harshe mai haske da ke tsaye ba hayaƙi, an dace. Ja mai duhu da ke lanƙwasa yana baƙanta tukunya, iska ta yi kaɗan: buɗe ƙofa, kwashe toka, rage itace. Wuta mai huci da tartsatsi, iska ta yi yawa. Farin hayaƙi mai kauri, danshi ne. A gyara abu ɗaya a jira 'yan mintoci kafin a taɓa na biyu. Haka dokar take a murhun zamani mai fanka da ke cin dunƙulen garin katako, irin wanda ake ɗumama gida da shi a Turai da Amurka.

Gargaɗi

A sanyin Disamba da Janairu a Jos, akwai masu shiga ɗaki da wuta su rufe ƙofa da taga. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da kabon monoksayid, guba ce marar launi marar wari da ke kashe mutum cikin barci. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. In an ji su a fito da kowa waje nan take, a nufi asibiti. Haɗarin ɗaya ne a matsattsun ɗakunan haya na Agege ko Sabon Ibadan. A yi girki a tsakar gida ko inda iska ke ratsawa, kuma a guji garin filawud da katako mai fenti, domin gam da sinadarin da ke jikinsu suna shiga hayaƙin da yara ke shaƙa.