Kalmar Dauriya Da Aka Haifa A Rumfar Kasuwa

Idan Bature ya ga mutum ya yi babban rashi ko asara, amma ya daure, hankalinsa bai tashi ba, sai ya kira shi "stoic". Asalin wannan kalma sunan wata rumfa ce a kasuwar Atina, babban birnin Girka.

Wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani ɗan kasuwa mai suna Zeno daga tsibirin Saifurus ya zauna a Atina. Masu tarihi na dā sun ce jirgin ruwansa ya nutse da hajarsa, ya tsira da ransa kawai. Maimakon ya zauna zaman makoki, sai ya rungumi karatu a wajen malaman falsafa, har shi ma ya zama malami.

Yana ba da darasi ne a wata doguwar rumfa mai ginshiƙai a arewacin kasuwa, bangonta cike da zanen yaƙe-yaƙe, har da na Maraton. Girkawa suna kiran irin wannan rumfa "stoa". Da farko ana jingina almajiransa ga sunansa, daga baya aka koma ce musu mutanen rumfa. Kalmar ta bi ta Latin, ta shiga Turanci a ƙarni na 14, kuma a ƙarni na 16 aka fara kiran duk mai haɗiye damuwarsa da ita. A 1981 masu haƙar kayan tarihi daga Amurka suka tono burbushin rumfar.

Ɗaya daga cikin jigogin karatun mutanen rumfa shi ne mutum ya raba abin da ke hannunsa da abin da ya fi ƙarfinsa. Halinsa da niyyarsa nasa ne, dukiya da lafiya kuwa aro ne. Efiktetus, wani tsohon bawa, ya koyar da wannan, Markus Aureliyus, sarkin Rum daga shekara ta 161 zuwa 180 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), ya rayu a kansa.

Yau wasu suna ɗaukar kalmar tamkar ƙeƙashewar zuciya, abin da ke rage mata daraja. Zeno ya ji zafin asara a jikinsa, kuma a tsakiyar hayaniyar masu ciniki ya zaɓi ya koyar da natsuwa, inda ɗan Adam ya fi bukatarta.