Daga rumfar Ajame zuwa aji

Mai sauraro, lokacin da kakanninmu fatake suka zauna Treichville da Ajame a Abijan, suna kawo shanu da albasa su koma da goro, yaransu ba su san babban hutu ba. Makarantar allo Alhamis da Juma'a take hutawa, sai lokacin sallah. Lakwal kuwa iyaye da yawa gudunta suka yi.

A 2015 Kodebuwa ta yi doka: yaro daga shekara 6 zuwa 16 dole ya yi makaranta. To, ga Satumba ta matso. Yaron da ya ɗanɗani kuɗin ciniki a hutu, zaman aji zai yi masa nauyi. Alhaji, sallame shi daga rumfa mako guda kafin a koma, ya riƙa kwanciya da wuri, ya buɗe littattafansa.