Yadda Layin da Ba Ya Ɓullewa Ya Mamaye Unguwannin Amurka

A 1811 kwamitin da aka ɗora wa tsara tsibirin Manhattan na birnin New York ya shata tituna tamkar gidan dara: manya 12 a tsaye, ƙanana 155 a gicciye. Duk inda ka dosa sai ka tarar da mararraba, in wannan hanya ta cushe ka ɓulle ta waccan. Haka garuruwan Amurka da dama suka tashi, har mota ta yi yawa ta fara banke yara a ƙofar gida.

Maganin da Clarence Stein da Henry Wright suka gwada a 1929, a Radburn ta jihar New Jersey, shi ne gajerun layuka masu toshewa a ƙarshe, yadda ba mai shigowa da mota sai ɗan layin ko baƙonsa. Amma sun bar hanyoyin ƙafa a bayan gidaje, waɗanda yaro zai bi har makaranta bai yi karo da mota ba.

Masu kwaikwayo sai suka ɗauki toshewar suka yar da hanyar ƙafar. Hukumar gidaje ta tarayya, FHA, wadda aka kafa a 1934 don tsaya wa masu cin bashin gida, ta fitar da ƙa'idoji a 1936 da suka fifita lanƙwasassun tituna da toshassun layuka. Maginin da ke son a tsaya wa masu sayen gidajensa kuwa, ina zai yi musu? Dokar manyan hanyoyi ta 1956 ta ƙara buɗe bayan gari, unguwanni suka yi ta yaɗo cikin gonaki kamar kabewa. Gidan da kake hangowa ta bayan shingenka, sai ka tayar da mota ka yi dogon zagaye kafin ka yi masa sallama. An gudu daga mota, an wayi gari ko burodi ba a sayowa sai da ita.

Binciken da Christopher Barrington-Leigh da Adam Millard-Ball suka wallafa a 2015 ya nuna yawaitar toshassun layuka ta kai ƙololuwa wajen 1994, sannan sababbin tituna suka fara ɗan haɗewa. A 2009 jihar Virginia ma ta gindaya wa sababbin unguwanni sharaɗin haɗa titunansu da na maƙwabta. Sai dai gida ake rushewa a sake, titi kuwa da wuya ya gusa daga inda aka shata shi, don haka layukan shekarun 1970 na nan a toshe har yau.