Yadda Alƙaluma Suka Fita Daga Hannun Ƙwararru

Waɗanda suka shigo sana'ar nazarin alƙaluma bayan 2015 ba su san wahalar jiran rahoto ba. A da, in manajan talla yana son sanin masu saye nawa ne suka dawo bayan an yi rangwame, sai ya rubuta buƙata ya kai sashen kwamfuta. Rumbun bayanai a hannunsu yake, kuma su kaɗai suka iya SQL, yaren da ake yi wa rumbun tambaya da shi. Kafin amsa ta fito rangwamen ya daɗe da ƙarewa, kuma sau da yawa amsar ce ke haifar da wata tambaya, a sake bin layi.

Manhajojin zamanin, Cognos ta Kanada da Business Objects ta Faransa da Hyperion ta Amurka, don ƙwararru aka gina su, ga ɗan karen tsada. Tsakanin 2007 da farkon 2008 manya suka haɗiye su kaf: Oracle ta sayi Hyperion, SAP ta ɗauke Business Objects, IBM kuma ta biya kusan dala biliyan 5 a kan Cognos. Amma mu da ke ciki mun san inda aikin yake gudana da gaske. Komai kyan rahoto, abin da mutane suka fi dannawa shi ne wurin kwashe alƙaluman a zuba a Excel, kowa ya je ya juya su yadda ya ga dama.

Abubuwa biyu ne suka sauya lamarin. A 2003 Chris Stolte da Pat Hanrahan da Christian Chabot suka kafa Tableau, daga wani bincike na Jami'ar Stanford mai suna Polaris. Hanrahan tsohon ma'aikacin Pixar ne, ya san darajar hoto. Ka ja sunan jiha ka ajiye nan, ka ja ciniki ka ajiye can, zane ya fito nan take ba tare da ka rubuta layi ko ɗaya ba. Sai kuma a 2005 Google ta sayi Urchin, ta fito da ita kyauta a watan Nuwamba da sunan Google Analytics. Cincirindon masu rajista ya sa dole aka rufe ƙofa na wani lokaci. Daga nan mai ƙaramin shago a intanet ya iya ganin ta ina baƙinsa suka shigo da kuma shafin da suka gudu a kai. Microsoft ta biyo da Power BI a 2015 a farashi mai sauƙi, Salesforce kuma ta sayi Tableau a 2019 a kan dala biliyan 15.7.

Abin da masu tallar manhajojin ba su gaya wa kowa ba shi ne rigimar da za ta biyo baya. Na zauna a wani taro inda shugabar talla ta haska allonta yana nuna ƙaruwar kwastomomi, akanta ya haska nasa yana nuna raguwa, kuma duk daga rumbu ɗaya suka ɗebo. Ita tana ƙirga duk wanda ya yi rajista da lambar waya. Shi kuwa sai wanda ya biya kuɗi bai mayar da kaya ba. Mai lambobi biyu a wurinta mutum biyu ne. Haka aka tashi, ba a taɓa maganar tallar da aka taru dominta ba. Ga kuma alluna barkatai da wanda ya haɗa su ya bar aiki, ba mai buɗewa, ba mai ƙarfin halin gogewa. Dambu ya yi yawa, ba ya jin mai.

Shi ya sa a ganina Looker, wadda Google ta saya a kan dala biliyan 2.6, ta fi sauran gane ciwon, ko da ba ta kai Tableau kyan zane ba. Ana rubuta ƙa'idar ƙirga sau ɗaya a wuri ɗaya, kowane allo ya sha daga nan. Sai dai zaman da za a yi a amince da ƙa'idar, wannan ba manhajar da za ta yi maka shi.

Ana cikin haka sai bayanan su kansu suka fara ƙaranci. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki a Mayun 2018. A Afrilun 2021 Apple ta wajabta wa manhajojin iPhone neman izini kafin su bi sawun mutum, jama'a da yawa suka ce a'a, har Meta ta ƙiyasta hasarar kusan dala biliyan 10 a 2022. A 1 ga Yulin 2023 tsohuwar Google Analytics ta daina karɓar bayanai, aka koma sabuwarta mai suna GA4, kuma alƙaluman sabuwar ba sa daidaita da na tsohuwar, don haka kwatanta bana da bara ya zama jan aiki. Inda baƙo ya ƙi a bi sawunsa, manhajojin talla yanzu kintace suke yi su cike giɓin. Manajan da ke duba allonsa da safe yana ganin lamba ɗaya ce a dunƙule, sau da yawa ba abin da zai nuna masa nawa aka ƙirga, nawa aka kintata.