Yadda Jarumin Ramuwar Gayya Ya Yi Furfura

A gidajen kallo na garuruwa irin Rimin Gado, da ke yamma da birnin Kano a kan hanyar Gwarzo, akwai ƙa'idar da kowane yaro ya sani: akta ba ya mutuwa, sai ya kashe bos. Ƙa'idar tana nan, amma akta ya sauya kama. Wanda a da saurayi ne mai ji da ƙarfi, yanzu dattijo ne mai furfura, wanda ya ajiye aiki, sai aka taɓa iyalinsa. Wannan sauyi yana da tarihi.

An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, amma silima ta daɗe tana zaman abin birni. Rabon ƙauye shi ne majigin gwamnati, mai koyar da noma da tsafta. Sai da kaset ɗin bidiyo da janareta suka yaɗu daga shekarun 1980 finafinan faɗa suka isa karkara. Jaruman lokacin duk da ƙarfinsu aka san su. Amitabh Bachchan yana da shekara 30 ya fito a Zanjeer (1973), inda ɗan sanda yake farautar wanda ya kashe iyayensa. Arnold Schwarzenegger yana da shekara 38 a Commando (1985), labarin tsohon soja da aka sace wa 'ya.

Tun a lokacin akwai wanda ya fita daban. Charles Bronson yana da shekara 52 ya yi Death Wish (1974): mai zanen gine-gine a birnin New York, aka kashe matarsa, 'yan sanda suka kasa kama kowa, ya ɗauki bindiga da kansa. Bronson ya maimaita wannan rawa har sau biyar, na ƙarshe a 1994, ya haura saba'in.

Fim ɗin da ya mayar da abin sana'a shi ne Taken (2008). Liam Neeson, wanda aka sani da Schindler's List, ya wuce hamsin da biyar lokacin da ya fito a matsayin tsohon jami'in leƙen asirin Amurka da aka sace wa 'ya a birnin Faris. An kashe wa fim ɗin kimanin dala miliyan 25, ya kawo sama da miliyan 200. Masu zuba kuɗi suka gane cewa da tsohuwar zuma ake magani. A 2014 Denzel Washington ya yi The Equalizer yana da shekara 59. A 2019 Sylvester Stallone ya koma Rambo yana da 73. Indiya ma ta bi sahu: a Jailer (2023), Rajinikanth mai shekara 72 ya fito a matsayin gandiroba mai ritaya da ya tashi neman fansar ɗansa.

Dalilai biyu ne suka haifar da wannan. Na farko kasuwa: masu kallon da suka girma da waɗannan fuskoki sun manyanta tare da su, kuma sunan da aka riga aka sani ya fi sabo saurin sayar da fim. Na biyu labari: faɗan saurayi ana iya kiran sa zafin kai, amma idan dattijo ya tashi, mai kallo ya san tura ce ta kai bango. Furfurar ce take wanke jinin da zai zubar.

A nan ne ƙasar Hausa ta sha bamban. Tun daga Turmin Danya (1990), finafinan Hausa sun fi karkata ga soyayya da rikicin gida, kuma gurbin da suka tanadar wa dattijo shi ne na uba, liman ko mai unguwa, wanda ake kai wa ƙara ya yi sulhu. Bahaushe ya ce babba juji ne. Dattijon da ya zare wuƙa don ramuwa ya zubar da girmansa, ko da shi ke da gaskiya. Saboda haka tsohon jarumi mai ramuwa ya zauna a matsayin baƙo, yana shigowa ta finafinan Amurka da na Indiya, waɗanda kamfanoni irin su Algaita suke fassarawa, matasa kuma suna turawa a waya.

Sai dai baƙon ya tarar da zamanin da ya dace da shi. A 2008, sace 'yar mutum labarin wata duniya ne ga manomin Rimin Gado. Yau garkuwa da mutane a Katsina da Zamfara da Kaduna labarin rediyo ne na kullum. Uban gaske ba shi da horon leƙen asiri. Gona yake sayarwa, ko shanun huɗa, ya bi dangi a haɗa kuɗin fansa. Fim yana ba shi awa biyu na abin da rayuwa ta hana shi, amma yana ɓoye abin da ke biyo baya: a Zamfara, ramuwa tsakanin 'yan sa-kai da 'yan bindiga tana cikin abubuwan da suka rura wutar rikicin.

Cikar gidan kallo don irin waɗannan finafinai alama ce ta raguwar amanar mutane ga hukuma. Inda kotu da 'yan sanda suke aiki, tsohon akta nishaɗi ne kawai. Inda suka gaza, yakan fara kama da shawara, kuma shawara ce da dattawan Hausa suka daɗe suna hana 'ya'yansu ɗauka.