Kalmar da Aka Goge Daga The Godfather

A 1972 kamfanin Paramount ya fitar da The Godfather, fim ɗin da ya ba da labarin wani gidan 'yan ta'adda 'yan asalin Italiya a birnin New York. Bayan shekaru, an yi shirye-shiryen talabijin na tarihi a kan yadda aka shirya shi. Wanda ya kalle su da natsuwa zai ga wata tambaya da ta fi fim ɗin daɗewa: wa yake da ikon yin magana da sunan 'yan tsiraru?

Tsakanin 1880 da 1924 Italiyawa fiye da miliyan huɗu suka shiga Amurka, akasarinsu talakawan kudancin ƙasarsu, masu neman aikin ƙarfi. Ba su sami kyakkyawar tarba ba. A 1891, bayan an kashe shugaban 'yan sandan New Orleans, gungun mutane suka fasa kurkuku suka hallaka Italiyawa goma sha ɗaya. Tun daga lokacin kalmar "Mafiya" ta manne wa al'ummar baki ɗaya. Wake ɗaya ne ke ɓata gari, kuma duk wanda ya zauna a unguwar baƙi ya san yadda laifin mutum ɗaya yake zama sunan ƙabila.

Da littafin Mario Puzo ya fito a 1969 aka fara shirin mayar da shi fim, sai wata ƙungiyar kare haƙƙin Amurkawa 'yan asalin Italiya ta tashi tsaye. An kafa ta a 1970, kuma dubban talakawa masu gaskiya sun shiga cikinta saboda sun gaji da ƙazafi. Amma wanda ya kafa ta, Joe Colombo, shi ne shugaban ɗaya daga cikin manyan gidajen Mafiya biyar na New York. An ba kura ajiyar nama ke nan.

A farkon 1971 mai shirya fim ɗin, Albert Ruddy, ya zauna da ƙungiyar, ya amince a cire kalmomin "Mafiya" da "Cosa Nostra". Nan take hanya ta buɗe, aka bar su suka ɗauki hoto a unguwannin Italiyawa. Har wani ɗan kokawa da ya taɓa yi wa gidan Colombo aiki, Lenny Montana, ya sami fitowa a matsayin Luca Brasi. A ranar 28 ga Yunin shekarar aka harbi Colombo a wani taron ƙungiyar. Bai sake farfaɗowa ba har ya rasu a 1978. An goge kalmar, amma hoton ya zauna a zukatan duniya.

Shi ma kamfanin ya yi nasa lissafin. Ya ɗauki Francis Ford Coppola ya ba da umarni, kuma asalinsa na Italiya yana cikin dalilan zaɓensa. Coppola ya dage a kan Al Pacino, ya cika fim ɗin da biki da girki da zumunci irin na gidansu. Duk da haka Marlon Brando, wanda ya fito a matsayin uban gidan, ba ɗan Italiya ba ne.

Shirin The Godfather Family: A Look Inside na 1990 ya karkata ga daraktan da 'yan wasansa, har da hotunan gwajin da aka yi musu. The Godfather and the Mob na 2006 ya karkata ga 'yan Mafiya. Tsakanin taurari da 'yan ta'adda, mai gasa burodi da tela da malamar makaranta, waɗanda su ne mafi rinjaye kuma sunansu ne ake taƙaddama a kai, sun koma 'yan kallo.

A Maris 1973 Brando ya ƙi karɓar lambar Oscar da aka ba shi, ya aiki Sacheen Littlefeather ta bayyana ƙorafinsa kan yadda Hollywood take nuna 'yan asalin Amurka na farko. Wasu suka yi mata ihu. Sai a 2022 hukumar lambar ta ba ta haƙuri.

Al'ummar da ba ta rubuta labarinta ba, wasu za su rubuta mata. Wani lokaci bare ne zai yi, wani lokaci kuma ɗan gida ne mai neman inuwar da zai ɓoye laifinsa.