Ma'aikatan jinya na ƙananan asibitoci da binciken zubar jini: nazari daga Bomo

Bomo tana maƙwabtaka da Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, kuma asibitin koyarwa na Shika ba shi da nisa da ita. Amma idan naƙuda ta kama mace da tsakar dare, ba farfesa ne yake fara isa gare ta ba. Wadda ke kusa ita ce ungozomar unguwa, sai kuma ma'aikaciyar ƙaramin asibiti da kowa ke kira "nas", ko da takardarta ba ta nas ba ce.

A Amurka akwai rukunin ma'aikatan jinya masu lasisi da ke yin karatun kusan shekara ɗaya, su yi aiki a ƙarƙashin cikakkiyar nas. A wurinmu mafi kusa da su su ne jami'an lafiyar al'umma da ake kira CHEW, masu karatun shekara 3, da ƙananansu masu shekara 2, irin waɗanda kwalejin Shehu Idris ta Maƙarfi ke yayewa. Hukumar da ke yi musu rajista daban take da ta nas-nas da ungozomomi. A 2014 gwamnatin tarayya ta fito da manufar raba aiki, wadda ta amince wanda aka horar a cikinsu ya yi awon ciki, ya karɓi haihuwar da ba ta zo da matsala ba.

Amfanin ganin mai ciki da wuri kuwa, bincike ya daɗe da nuna shi a Zariya. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin jami'a, aka buga sakamakon a 1985. Matan da suka fi mutuwa su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su. Wato asibitin yana nan, likitocin suna nan, amma babu wanda ya ga matar da wuri.

A 2009 masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello, tare da takwarorinsu na jami'ar Berkeley ta Amurka, sun raba ƙwayar misoprostol mai rage zubar jini a garuruwa biyar na kewayen Zariya, domin mai jego ta sha da zarar jariri ya faɗo. Yawancin matan da suka haihu a gida sun sha.

Binciken da ya fi ɗaukar hankalina shi ne E-MOTIVE, wanda aka bayyana a Mayun 2023, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. An yi shi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Kayan aikin ba wani abin a zo a gani ba ne: leda ce ake shimfiɗawa ƙarƙashin mai jego, tana da aljihu mai tsini da layukan awo, jinin yana taruwa a ciki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin haihuwa ya san yadda zani da tsumma ke shanye jini, ido ya ce kaɗan ne alhali mace tana ƙarewa. Da leda kuwa, jini yana kai rabin lita za a gani, sai a haɗa magani lokaci guda: a murza mara, a yi allurar tsuke mahaifa, a ba da maganin tsayar da jini na tranexamic acid, a sa ƙarin ruwa, a duba inda jinin ke fitowa, in ya ƙi tsayawa a kira na sama. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin 100.

Sai dai a lura, a manyan asibitoci aka yi gwajin, inda akwai ƙwararrun ungozomomi. Ba daidai ba ne a ɗauka sakamakon zai maimaita kansa a ƙaramin asibiti ba tare da horo ba. Allurar tsuke mahaifa ta oxytocin ma tana son sanyi, zafin bazara yana rage mata ƙarfi idan babu firij mai aiki. Kuma lasisi yana da iyaka: ma'aikaciyar da ta san inda aikinta ya tsaya, ta tura mace Shika da wuri, ta fi wadda ta riƙe ta don gudun a ce ta kasa.

Najeriya ce ke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. Saboda haka ina kira ga hukumar lafiya matakin farko ta Jihar Kaduna da malaman Shika: a gwada wannan leda da wannan horo a hannun ma'aikatan ƙananan asibitocin ƙaramar hukumar Sabon Gari, a fara da Bomo, a rubuta abin da aka gani.